Yadda Dabbobi Ke Daidaita Zafin Jikinsu

Ya kai manomi, ka sani cewa kowace dabba tana da ma'aunin zafin jiki da take bukata domin ta zauna lafiya. Saniya tana kan kusan digiri 38.5 a ma'aunin Selshiyos, akuya da tunkiya kusan 39, kaza kuwa kusan 41. Jikin dabba yana samar da zafi a kodayaushe, musamman lokacin da abinci ke narkewa a tumbi. Idan zafin bai fita ba, sai dabba ta rage cin abinci, nono ya ragu, kwai ya yi ƙaranci.

Dabba tana fitar da zafi ta hanyoyi huɗu. Na farko, zafi yana tashi daga fata zuwa wurin da ya fi sanyi. Na biyu, yana ratsawa zuwa ƙasa mai sanyi idan ta kwanta. Na uku, iska tana kwashe shi. Na huɗu, yana fita tare da gumi ko haki. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, iska kanta ta yi zafi, don haka hanyar ƙarshe ce ta fi aiki, ita kuwa ba ta yiwuwa sai da ruwa.

Shanunmu irin su Bunaji da Rahaji suna yin gumi sosai, shi ya sa suka fi shanun Turai jure rana. Kaza kuwa ba ta gumi. Idan ka ga kajinka sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, to zafi ya yi musu yawa. Yawan haki kuma yana sa ɓawon kwai ya yi laushi.

Saboda haka, ka tanadi inuwa a garke, ka ajiye ruwa mai sanyi a kowane lokaci. Ka yi huɗa da shanu da sassafe ko da yamma. Ka buɗe tagogin ɗakin kaji, kada ka cunkusa su.

Da hunturu kuwa, 'yan tsaki ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. A makon farko suna bukatar kusan digiri 32 zuwa 35. Idan sun taru wuri guda suna kuka, sanyi suke ji. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.