Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Ran nan muna darasin tarihi sai wani ɗalibi ya tambaye ni, ya ce, "Malam, yaya sojan da aka kora har mil ɗari tara zai juyo ya ci yaƙi?" Na ga tambayar ta cancanci amsa a fili, don haka na kawo ta nan. Misalina kuwa Yaƙin Bama ne, wanda mutanenmu suka halarta.

A 1942 Jafanawa suka kwashe Bama, suka koro Ingilishi har Indiya. A watan Maris 1944 suka biyo su da soja wajen 85,000, suka kewaye Imfal da Kohima. Amma guzurin mako uku kaɗai suka ɗauko, don sun sa rai za su ci rumbunan Ingilishi.

To, a nan dabarar take. Janar Silim bai tarye su a daji ba. Sai ya janye mutanensa zuwa filin Imfal, inda igwa da tankoki za su yi aiki, jiragen sama kuma suna kawo musu abinci da harsashi. Su kuwa Jafanawa hanyar guzurinsu ta bi ta duwatsu da kurmi, ga damina ta sauka. Yunwa da zazzaɓi suka kama su. A watan Yuli suka juya, sun yi hasarar mutum fiye da 50,000, matattu da masu rauni.

Sa'an nan fa Silim ya tashi. A Disamba ya haye kogin Cindwin. Ya nuna kamar Mandale ya nufa da dukan ƙarfinsa, ashe ya zagaya da wata runduna a ɓoye, ta faɗa wa Mektila, watau cibiyar kayan yaƙin Jafanawa. Garuruwan biyu suka faɗi a Maris 1945, Rangun kuma a farkon Mayu.

Sojan Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, su suka riƙe gefen teku, wajen Kaladan da Arakan, suka ci garin Miyohon a Janairu 1945. Da yawansu Hausa suke ji, da kai kuma suka riƙa ɗaukar kaya inda mota ba ta shiga.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ramuwar farmaki ba a yinta da fushi. Ana jira ne har abokin gaba ya yi nisa da guzurinsa ya gaji, kai kuwa kana da mutane a ajiye waɗanda ba su taɓa yaƙin ba. In ka yi gaggawa ka iske shi da ƙarfinsa, in ka makara ya huta.

Ku da za ku koyar da wannan, kada ku tsaya ga shekaru da sunayen janar-janar. Ku shimfiɗa taswira, ku tambayi yara daga ina abincin kowace runduna yake zuwa. Wanda ya amsa wannan ya gane yaƙin.