Abin Lura Kafin Sayen Keken Kabon

Masu hawan keke don motsa jiki kan yi sha'awar sauya keken alminiyam da na zaren kabon saboda rashin nauyinsa. Sai dai ribar wannan ta fi yawa ga 'yan tsere, waɗanda su ma hukumar UCI ta haramta musu keken da bai kai kilo 6.8 ba tun shekarar 2000.

Inda gizo ke saƙar shi ne lafiyar firam. Alminiyam kan lotsa a gani, amma kabon na iya tsagewa daga ciki bayan faɗuwa ko ɗaure noti fiye da kima, alhali fenti yana nan sumul. Mai walda kuma ba ya iya gyara shi. Don haka ya kamata mai sayen na hannu ya kai wa ƙwararren makanike ya duba, musamman gindin sirdi da mariƙin tayar gaba.