Idan Maikiromita Ta Cije, Haƙuri Ya Fi Ƙarfi

Malaman Fizikis da dama sun taɓa buɗe kabad bayan dogon hutun damina, ga jarrabawar gwaji ta ƙarato, suka tarar maikiromita ta ƙi juyawa. Abin da hannu kan fara rarumowa shi ne filaya, to, a nan ɓarna take farawa.

Wannan na'ura, wadda Bafaranshe Jean Palmer ya yi wa rajista a 1848, ƙusa ce mai lallausar barima. A irin wadda ake amfani da ita a makarantu, juyi ɗaya kan matsar da sandarta milimita 0.5, an kuma raba juyin gida 50, watau kowane gida milimita 0.01 ke nan. Kaurin silin gashin mutum ya ninka wannan sau da yawa. Saboda haka murɗawa ɗaya da filaya ta isa ta gurɓata barimar, na'urar ta riƙa faɗin ƙarya har abada.

Abubuwa huɗu ne suka fi sa ta cijewa: makullinta da aka manta a rufe, ɗaure bakinta da ƙarfi, tsohon mai da ya daskare da ƙurar hunturu, sai kuma tsatsar da laimar damina da gumin hannu kan haifar.

Da farko, a duba makullin, domin sau da yawa matsalar ba ta wuce nan ba. In ta ƙi, a ɗiga kananzir kaɗan inda sandar ta shiga jikin na'urar, a bar ta ta kwana. Kananzir ba shi da kauri, yakan kutsa cikin barima ya narkar da daskararren mai. Washegari a riƙa juyawa gaba da baya da yatsu kawai. Kada a gasa ta a wuta, domin zafi yakan sassauta taurin ƙarfen.

Idan ta saki, a zaro sandar, a goge da tsumma mai tsabta, a sa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Daga nan a rufe bakin da ƙaramin majuyin nan mai ƙas-ƙas da ke ƙarshenta, a duba ko ta koma kan sifili. In ba ta koma ba, a daidaita da ƙaramar sifanar da ke cikin akwatinta.

Ɗalibai, ku riƙe wannan: in kun gama awo, ku goge ta, ku bar 'yar tazara a bakinta, sannan ku mayar da ita akwati. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.