Ƙarin Kasinoyid: Tarin da Ba na Fuka Ba

A cikin birnin Kano, idan matashi ya daɗe yana tari har kakinsa ya fara zuwa da jini, abin da kowa zai fara zato shi ne tarin fuka. Zaton yana da dalili, domin cutar ta yawaita, kuma a Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata gwajin kaki aka fi fara yi. To amma akwai wanda za a gwada ba a ga ƙwayar cutar ba, tarin kuwa ya ƙi tafiya. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan jawo haka shi ne wani ƙari da ake kira kasinoyid.

Wani likita Bajamushe, Siegfried Oberndorfer, shi ya raɗa masa wannan suna a 1907, ma'anarsa mai kama da sankara. A hanji ya gan shi, daga baya aka gane yana fitowa a bututun iska na huhu. Yau an tabbatar sankara ce, sai dai mai tafiyar hawainiya. Bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na sankarar huhu ba, kuma yakan kama matasa da waɗanda ba su taɓa shan taba ba.

Wayonsa yana ga wurin da yake zama. Yakan tsiro a cikin babban bututu ya tsuke hanya, sai numfashi ya riƙa fito kamar na mai asma, amma a gefe ɗaya. Majina ta taru a bayansa, ciwon nimoniya ya yi ta dawowa wuri guda. Hoton ƙirji ba kullum yake nuna shi ba. Hoton siti sikan ya fi fayyacewa. Daga nan sai a zura siririn bututu mai fitila ta hanci ko baki, irin wanda Shigeto Ikeda na Japan ya ƙirƙiro a 1966. Ƙarin yakan bayyana jajir, mai saurin zubar da jini, don haka da hattara ake gutsuro ɗan abin da za a duba a madubin likita. Irin wannan bincike aikin manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Maganinsa tiyata ce. Huhun dama sashe 3 gare shi, na hagu 2, kuma sau da yawa sashe ɗaya ake cirewa tare da kaluluwar da ke kewaye. Dabarar da ta fi burgewa ita ce wadda Clement Price Thomas ya fara a Landan a 1947: a yanke guntun bututun da ƙarin yake, a ɗinke bakunan biyu, kamar yadda mai gyaran famfo yake yi, huhun da ya rage ya tsira. A nau'in da ya fi yawa, kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka yi wa aikin suna raye bayan shekara 5. Duk da haka likita yakan ci gaba da duba su shekaru masu yawa, domin ƙarin yana iya dawowa a makare.