Kafin Ka Ɗauki Bindigar Fenti, Kafa Rumfa

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Katako ta Yamai, ko unguwannin kafintoci na Maraɗi da Damagaram, ya san yadda aiki yake yi wa masu sana'ar katako yawa idan Salla ta ƙarato, ko lokacin bukukuwan aure ya kama. Gado da kabad da madubin amarya duk ana son su a rana ɗaya, kuma kowace uwar amarya so take kayan ɗiyarta su riƙa sheƙi kamar gilashi. Wannan ne ya sa kafintoci da yawa suka ajiye burushi suka rungumi bindigar fenti da kwamfaresa. Sai dai wanda shagonsa yake cikin gida, sau da yawa a tsakar gida yake feshin, ga maiɗakinsa tana girki a gefe, ga yara suna wasa, ga iskar hunturu tana zuba wa ɗanyen fenti ƙura. Maganin wannan shi ne rumfar feshi ta wucin gadi, wadda mutum zai kafa da safe, ya kwance ta idan aiki ya ƙare.

Bindigar fenti ba sabon abu ba ce. Tun a 1887 wani Ba'amurke mai suna Joseph Binks ya ƙera na'urar fesa farar ƙasa a birnin Chicago, a 1907 kuma Thomas DeVilbiss ya fito da bindigar hannu. Da kamfanin DuPont ya kawo fentin Duco mai saurin bushewa a farkon shekarun 1920, aikin fentin mota da yake cin makonni sai ya koma na ɗan lokaci kaɗan. Dangin wancan fenti ne, wanda ake sirkawa da tina, kafintocinmu suke fesa wa katako har gobe. Masana'antu sun gina masa ɗakuna na musamman saboda haɗarinsa, mu kuwa bindigar kawai muka ɗauko.

Abin da rumfa take yi

Aikin rumfa uku ne: ta hana ƙura sauka a kan kaya, ta tare burbushin fentin da ya wuce katako don kada ya bi iska ya faɗa wa shanya da tukwane da tulun ruwa, sannan ta fitar da tururin tina daga inda mai feshi yake numfashi. Na ukun nan shi ne babba, kuma shi aka fi mantawa da shi. Akwai masu zagaye wuri da leda su toshe ko'ina don gudun ƙura, su shiga su yi ta feshi. Irin wannan rumfa ta fi fili haɗari nesa ba kusa ba.

Ga dalili. Sinadarin toluwin, wanda ake samu a cikin tina iri-iri, yana fitar da tururin da zai iya kama wuta tun daga zafin digiri 4, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Idan tururin ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. A rumfa mai faɗin mita 2, tsayi mita 2, tsawo mita 3, wadda aka toshe ruf, rabin lita da ɗan ɗoriya na wannan sinadari in ya bi iska ya kai wannan mizani. Bugu da ƙari, tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake kwantawa, ya malala kamar ruwa ta ƙarƙashin leda, har ya iske murhun da yake can nesa.

Zaɓen wuri

Kada a kafa rumfa a ɗakin kwana, ko a zauren da jama'a suke wucewa, ko kusa da madafa. A nemi bayan gida ko wani kango, inda babu murhu, babu kurfotin mai shayi, babu janareta, babu mai walda. A kuma dubi inda iska take kaɗawa. Da hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Sai a juya rumfar yadda iska za ta shigo ta bayan mai feshi, ta bi ta kan kayan, ta fita ta gabansa. Bakin fitar kada ya kalli tagar maƙwabci ko turken dabbobi, domin haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne.

Yadda za a haɗa ta

Kafinta ba ya buƙatar a koya masa haɗa firam. Sanduna huɗu a tsaye, da na gicciye a sama, a ɗaure da noti maimakon ƙusa don kwancewa ta zo da sauƙi. A rufe sama da gefe biyu da leda mai kauri wadda haske yake ratsawa, ta haka ba a buƙatar kwan lantarki a ciki. A ja ledar ta miƙe sosai, domin wadda take kaɗawa tana kakkaɓe ƙurar jikinta a kan aiki. A share ƙasa tas, a shimfiɗa kwali, ko a yayyafa ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta.

Bangon baya shi ne mashigar iska. A nan ake ɗaura abin tacewa, ko dai soson katifa marar kauri, ko yadin auduga ninki biyu. Gidan sauro yana tare ƙwari da tsinke, amma ƙurar hunturu ratsa shi take yi. Bangon gaba kuma shi ne mafita, a bar shi da faɗi, a jera masa yankakken kwali layi biyu a karkace, yadda iska za ta wuce amma burbushin fenti ya manne a jiki. A tabbata mafitar ta sauko har ƙasa, tunda can tururi yake taruwa.

Maganar fanka

A nan ne mutane suke kuskure. Hankali yana ba mutum cewa ya sa fanka a mafita don ta zuƙo tururin ta fitar. To, fankar gida da makunninta ba a yi su don zama cikin tururi mai kama wuta ba, kuma zuƙowar tana nufin duk tururin ta jikin injinta zai bi. Masana'antu suna da fanka ta musamman da aka rufe injinta don wannan aiki. Wanda ba shi da irinta, sai ya ajiye tasa a waje ta bayan rumfa, cikin iska mai tsabta, ta riƙa turo iska ta cikin abin tacewa. A kunna ta kafin a buɗe gwangwanin fenti, kada a kashe sai wari ya ɗauke. Makunni da mahaɗar waya da kwamfaresa duk su zauna a waje. Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, a saki bindiga nan take, a fito.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a ɗakunan feshi na Amurka ita ce iska ta riƙa tafiya kamar rabin mita a kowace daƙiƙa. Rumfa mai baki mita 2 da mita 2 tana buƙatar iska mita kubik 7,200 a awa ke nan, abin da fankar ɗaki ɗaya ba za ta iya ba. Saboda haka a taƙaita girman rumfa daidai da kayan, ko a haɗa fanka biyu, a kuma riƙa fesa kaya ɗaya-ɗaya. Gwaji mai sauƙi shi ne a rataya zare a wurare uku cikin rumfar. Idan duk sun karkata wajen mafita, iska tana tafiya. Wanda ya tsaya cak, nan tururi zai taru.

Jikin mai feshi

Ƙyalle ko rawani ko takunkumin takarda ba sa tare tururin tina. Takunkumin da ya dace shi ne na roba mai gwangwanin gawayi a gefe. Na Turai yana da harafin A da zane mai ruwan ƙasa, na Amurka kuma baƙi ne. A haɗa shi da matatar burbushi, a canza gwangwanin da zarar an fara jin wari, a adana shi cikin leda a ƙulle. Mai gemu ya sani cewa gashi yana hana robar kama fuska, don haka shi ya fi kowa buƙatar iska mai ƙarfi a rumfarsa. Madarar da masu fenti suke sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, tururi kuwa ta huhu yake shiga jini. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya alama ce cewa iska ba ta isa ba.

Akwai kuma fenti mai haɗi biyu irin na mota, wanda ake zuba masa maganin ƙarfafawa. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake cikin manyan abubuwan da suke jawo wa ma'aikata ciwon asma, kuma wanda ya kamu ɗan kaɗan ma yana tayar masa da ciwon. Wannan sai da takunkumin da ake turo wa iska ta tiyo. Kada a fesa shi a gida ko da rumfa. Mai neman sauƙi ya duba fenti da banish waɗanda ake sirkawa da ruwa, domin haɗarin gobararsu kaɗan ne, ko da yake su ma sai da takunkumi.

Iyayen gida masu yaran shago, ku ji tsoron Allah game da amanar da aka ba ku. Yaron da ake aike ya wanke bindiga da hannu tsirara cikin tina shi ma yana buƙatar safar hannu da takunkumi kamar maigidansa.

Kyawun aiki

Rumfa tana biyan kuɗinta ta wajen kyawun kaya. A yi goge-gogen samfefa nesa da ita, a share katako da ƙyalle mai tsabta kafin a shigo da shi. Sassafe ya fi, kafin iska ta tashi. Cikin zafin rana fenti yakan bushe tun bai sauka ba, sai fuskar katako ta yi kaushi kamar yashi. A watan Agusta kuma laima takan sa ya yi fari-fari kamar hazo. A riƙe bindiga nesa da katako kamar santimita 15 zuwa 20, kowane zubi ya hau rabin na baya, a yi shafi uku marasa kauri maimakon ɗaya mai zuba. Bindigar da ake kira HVLP tana aiki da iska marar ƙarfi, saboda haka fentin da yake tashi a banza kaɗan ne, a rumfa ƙarama kuwa wannan riba ce biyu.

Idan an gama, a bar kaya su sha iska a cikin rumfar, fanka tana aiki. Busasshen burbushin fenti da ya manne a leda da kwali yana cin wuta da sauri, don haka kada a bar shi ya yi kauri, kada kuma a ba mata kwalin su hura wuta da shi. Tsummokaran da suka jiƙe da man katako suna iya ɗaukar zafi su kama da kansu idan aka tara su wuri ɗaya, sai a baza su a fili ko a tsoma su cikin bokitin ruwa. A ajiye abin kashe gobara mai hoda da bokitin yashi a bakin rumfa, domin ruwa watsa wutar tina yake yi. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18, a rubuta ta a jikin bango inda yaran shago za su gani.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Leda da sanduna da rabin yini na aiki ba su kai kuɗin gado ɗaya ba, balle ran mutum. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kare mu daga gobara.