Kama da Wane Ba Ta Wane: Dalilin da Cutar Hafis Ke Yi wa Wani Sauƙi, Ta Kayar da Wani

Akwai maganar da ke hana mutane zuwa asibiti a kan lokaci: "Ai ɗan wance ma ya yi, da kansa ya warke." Ana faɗin ta idan ƙuraje sun feso wa yaro, ko bakin mutum ya fashe bayan zazzaɓi, ko muƙamuƙin yaro ya kumbura. A kan dangin ƙwayoyin cutar da likitoci ke kira hafis, wannan lissafi yana iya cin rai. Mutum biyu za su ɗauki ƙwaya mai suna ɗaya. Na farko ya tsufa bai ma san yana ɗauke da ita ba, na biyu kuwa ta lalata masa ido ko ta zama sanadin ciwon daji.

Su wane ne dangin hafis?

Hafis bairas ce, saboda haka antibayotik ba ya yi mata komai. Guda tara aka sani suna kama ɗan Adam. Akwai hafis ta ɗaya mai fito da ƙurajen leɓe, da hafis ta biyu da ta fi fitowa a al'aura. Akwai ƙwayar ƙaranbau, wadda bayan shekaru takan dawo da ƙuraje masu raɗaɗi a jere a ɓari ɗaya na jiki. Akwai EBV, akwai CMV wadda ke gaba cikin cututtukan da ke kurumtar da jariri tun daga ciki, sai wadda ake kira hafis ta takwas mai alaƙa da dajin fata na Kaposi.

Hali ɗaya ya haɗa su: in sun shiga jiki ba su fita. Wasu kan laɓe a cikin jijiyoyi, wasu a cikin fararen ƙwayoyin jini, sai garkuwar jiki ta yi rauni su farka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da hafis ta ɗaya, wato kusan biyu cikin uku. Masu ɗauke da ta biyu, tsakanin shekara 15 zuwa 49, sun kai miliyan 520. Ke nan tambayar ba ta wanda ya ɗauka ba ce, domin yawancinmu mun ɗauka. Tambayar ita ce me ya sa take kayar da wasu.

Daga ina bambancin yake?

Kowace ƙwaya tana da kundin gadonta, wanda a cikinsa aka tsara yadda za ta shiga jiki, ta hayayyafa, ta kauce wa garkuwa. Na hafis ta ɗaya yana da haruffa kimanin 152,000, na CMV ya kai kimanin 235,000. Duk lokacin da ƙwayar ta hayayyafa sai an kwafi wannan kundi, kuma jefi-jefi harafi kan sauya. Haka nan idan iri biyu suka haɗu a cikin jikin mutum guda, sukan yi musanyar sassa. Yawancin sauye-sauyen ba su haifar da komai. Kaɗan daga ciki kuwa sukan ƙara wa ƙwayar ƙarfi, ko su rage mata, ko su sa ta daina jin magani.

Manomi zai fi saurin gane wannan. Gero duk gero ne, amma abin da za a girbe ya danganta da irin da aka shuka, da ƙasar da ya faɗa, da yadda damina ta kasance. A nan irin shi ne nau'in ƙwayar, ƙasar ita ce jikin mutum, daminar kuwa sauran cututtuka da halin rayuwar da suka kewaye shi.

Allurar rigakafin ƙaranbau ta isa hujja. A shekarar 1974 wani masanin Japan, Michiaki Takahashi, ya samar da ita daga ƙwayar da aka ɗebo a jikin wani yaro mai ƙaranbau. Ya yi ta renon ta a ɗakin gwaji, zubi bayan zubi, har ta yi laushi. Haruffan da suka raba ta da uwarta ba su kai ɗari ba cikin kimanin 125,000. Da wannan ɗan bambanci, ƙwayar da ke kwantar da yaro ta koma mai kare shi.

EBV: ƙwaya ɗaya, sakamako iri-iri

Babu inda wannan darasi ya fi fitowa fili kamar a kan EBV, kuma labarinta a Afirka ya fara. A shekarar 1958 likitan fiɗa Denis Burkitt, da ke aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wani daji mai kumbura muƙamuƙin yara. Ya lura cewa ya fi yawa a yankuna masu zafi da ruwan sama. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairas ɗin EBV a cikin naman wannan kumburi a Landan, ta zama ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. Najeriya ma tana da hannu a tarihin. Ƙwayoyin naman kumburi da aka ɗauka a Ibadan a 1963 daga wani yaro mai shekara 11 da ke fama da wannan daji, har yau ana renon zuriyarsu ana bincike da su a ɗakunan gwaji na duniya.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutanen duniya na ɗauke da EBV, kuma ta yawu take bi. A Turai da Amurka, inda da yawa ba su kamuwa sai sun balaga, takan zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa da kasala ta makonni. A kudancin ƙasar Sin kuwa, dajin bayan hanci ne ya yi ƙamari. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano cewa nau'in EBV da ya yaɗu a can yana da sauye-sauye a wani sashe na kundinsa mai suna BALF2, kuma masu ɗauke da wannan nau'i sun fi saura haɗarin kamuwa da dajin nesa ba kusa ba. Ga inda irin ƙwayar ya yi babban tasiri.

A wajenmu labarin ya ɗan bambanta. EBV ta kasu gida biyu, kuma nau'i na biyu ya fi yawa a Afirka fiye da Turai. A ɗakin gwaji nau'i na ɗaya ya fi iya tilasta wa fararen ƙwayoyin jini su yi ta ninkuwa, amma duka biyun ana samun su a kumburin Burkitt. Abin da ke ingiza yaranmu cikin haɗari shi ne kamuwa da EBV tun suna jarirai, sannan zazzaɓin cizon sauro ya riƙa dukan su a kai a kai. Maleriya tana zuga ƙwayoyin jinin da EBV ke zaune a ciki su hayayyafa, tana kuma raunana garkuwar da ke tsaron su. A cikin wannan hayayyafa ne kuskure kan auku a kundin gadon yaron kansa, daji ya tashi. Saboda haka gidan sauro da maganin maleriya a kan kari suna da amfanin da ya wuce hana zazzaɓi.

Haka abin yake da ƙwayar Kaposi, wadda Yuan Chang da Patrick Moore suka gano a 1994. Tana da nau'o'i bisa yankunan duniya, kuma waɗanda ake kira B da A5 su suka fi yawa a Afirka, inda yara da yawa ke ɗaukar ta ta yawu. Takan zauna shiru, sai cutar ƙanjamau ta karya garkuwa, baƙaƙen tabo su fara fitowa a ƙafa ko a cikin baki.

Jikin ma yana da nasa

Ba ƙwayar kaɗai ke da gado ba. Hafis ta ɗaya, wadda a wajen yawancin mutane ƙurjin leɓe ne kawai, takan haura ƙwaƙwalwa a wasu 'yan tsiraru. An gano cewa wasu daga cikin yaran da hakan ta same su an haife su da naƙasu a wani sashe na garkuwa mai suna TLR3. Jariri sabuwar haihuwa kuwa garkuwarsa ba ta nuna ba, don haka ƙwayar da ba ta hana babba zuwa kasuwa tana iya bazuwa a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Tsofaffi, da masu ƙanjamau, da masu karɓar maganin daji, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, duk suna cikin wannan sahu. Ita kuma hafis ta biyu tana ninka haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan sau uku, domin gyambon da take yi ƙofa ce a buɗe.

Idan ƙwaya ta bijire wa magani

Babban maganin hafis shi ne asaikulobir da 'yan uwansa. Ba ya fara aiki sai wani sinadari na ita kanta ƙwayar ya kunna shi. Idan sauyi ya faɗa wa sashen da ke ƙera wannan sinadari, maganin zai shiga jiki ya fita bai yi komai ba. A masu ƙoshin lafiya irin wannan bijirewa ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ta fi haka yawa sosai a masu raunin garkuwa da suka daɗe a kan maganin. Shi ya sa sayen rabin kati a kemis, a sha yau a bari gobe, ba dabara ba ce. Gyambon da ya ƙi warkewa duk da magani yana buƙatar likita ya sake dubawa.

Abin da ke hannunmu

Mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri, ko uwarsa ce ko kakarsa, kuma a kiyaye wannan musamman ranar suna da ake ta miƙa yaro hannu zuwa hannu. A bar tauna abinci a ba yaro a baki. Mai juna biyu da ta ga ƙuraje a gabanta ta faɗa a wajen awo ba tare da jin nauyi ba, domin kamuwar farko dab da haihuwa ita ce mafi haɗari ga jariri.

Kada a ba yaro mai ƙaranbau asfirin, yana iya jawo mummunar cutar hanta da ƙwaƙwalwa. Kada a ɗiga wa jan ido mai ciwo maganin ɗigo mai sitiroyid sai likitan ido ya duba, don in hafis ce zai ƙara mata ƙarfi ta ci baƙin idon. Matashin da ƙurajen ɓari ɗaya suka fito masa, ya dace ya yi gwajin ƙanjamau.

Ma'aurata kuma su yi hattara da zargi. Hafis ta al'aura tana iya kwanciya shekaru ba alama, don haka bayyanarta yau ba hujja ba ce ta cin amana jiya. Ta leɓe kuwa yawanci tun ƙuruciya ake ɗaukar ta a gida.

Ido ba ya iya tantance nau'in ƙwayar da ke cikin ƙurji, ko ƙarfin garkuwar mai shi. Abin da kowa zai iya kiyayewa shi ne lokaci. Ƙurajen ɓari ɗaya sun fi jin magani idan an fara shi cikin awa 72, balle in sun kusanci ido. Jaririn da bai cika wata ba, in ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a ranar za a kai shi asibiti. Haka mai zazzaɓin da ya zo da ruɗewa ko jijjiga. Kumburin muƙamuƙi ko ciki da ke girma da sauri a jikin yaro, haƙora suna girgiɗa, ba na tsaga ba ne kuma ba na jira ba ne. Dajin Burkitt yana iya ninkuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma yana cikin dajin da suka fi jin magani. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna kula da shi, kuma yaran da aka kai da wuri da yawansu suna warkewa sarai.