Mene ne SpO2 da agogon hannu ke nunawa?

Tun zamanin korona ake ta maganar wannan adadi. Kason iskar oksijin ne da jini ke ɗauke da shi.

Agogo irin Apple Watch yana haska jar fitila a fatar wuyan hannu, ya auna hasken da ya dawo, domin jinin da ya ƙoshi da iska ya fi ja. Mai lafiya kan samu 95 zuwa 100.

Masu asma da ciwon huhu kan duba shi a gida don lura da sauyi. Sai dai agogo ba likita ba ne. Sanyin hannu, motsi ko sakwarkwacewar maɗauri duk kan rikita awon.

Idan adadin ya sauka zuwa 92, ko numfashi ya sarƙe ko da agogon bai nuna komai ba, a garzaya asibiti.